Wa Muka Tarar a Karu? Darasin da Muke Yi da 'Yan Nazare



Mu ne malaman ajin nazare na 'yan shekara huɗu zuwa biyar a ɗaya daga cikin ƙananan makarantun unguwar nan. Tun farkon zangon karatun bana tambaya guda ke ta iso mana, wani lokaci a bakin ƙofar makaranta in an zo ɗaukar yara, wani lokaci a gidan suna ko wajen biki: wai me ya haɗa yaron da ko maɓallin rigarsa bai iya sakawa ba da tarihin Gbagyi? Masu tambayar sun isa su yi ta, don 'ya'yansu ne, kuma da guminsu suke biyan kuɗin makaranta. Shi ya sa muka roƙi fili a mujallar nan mu yi bayani a tsanake, kowa ya ji daga bakinmu, kada magana ta yi ta yawo ana ƙara mata gishiri.

Da farko dai a kwantar da hankali, ba mu rage komai daga karatun da aka saba ba. Baƙaƙe suna nan, ƙirga yana nan, Turanci yana nan, addu'ar safe da ta cin abinci suna nan. Abin da muka ƙara rabin awa ne, sau biyu a mako. Mukan shimfiɗa tabarma mu zauna da yaran muna juya tambayoyi uku: ni wane ne, a ina nake zaune, su wa iyayena suka tarar a nan?

Ku gwada tambayar kowane yaro a unguwar nan, "Kai ɗan ina ne?" Zai ce Katsina, ko Kano, ko Gusau, ko Azare. Da yawansu kuwa a nan Karu aka yanke musu cibi. Garin da suka ambata sai da Sallah suke ganinsa, wasu ma ba su taɓa zuwa ba. Amsar tasu daidai ce, don asali ba ya ɓata, kuma ran da za su nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma can za a tura su. To amma rayuwarsu a nan take. A nan za su yi karatu, a nan za su yi abokai, da yawa a nan za su yi aure su kafa sana'a. Uba yana iya yin shekara talatin a Karu zuciyarsa tana gida, yana gini a can yana jiran ranar komawa. Ɗansa kuwa Karu ya buɗi ido ya gani, kuma waɗanda zai zauna da su har tsufa su ne yaran nan da ke tsallaken titi. In ya tashi bai san komai a kansu ba sai sunan da ya ji ana jifansu da shi a hanya, to an bar masa gado mai nauyi.

Kafin mu shiga abin da muke yi a aji, bari mu ɗan tuna wa manya labarin, don shekara fiye da goma aka yi ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Iyaye matasa da yawa ba su samu wanda ya faɗa musu ba.

A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda ya duba ko Legas za ta ci gaba da zama babban birni. A watan Fabrairu na 1976 aka yi dokar soja mai lamba 6, aka yanko ƙasa kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja, Filato da Kwara na wancan lokacin. Karu tana cikin ɓangaren da aka yanko daga Filato. Hujjar da aka kafa ita ce wurin yana tsakiyar ƙasa, kuma ba ya hannun ko ɗaya daga cikin manyan ƙabilun Nijeriya. Daga nan maganar nan ta samo asali, wai Abuja ba ta kowa ba ce. Amma wurin ba daji ba ne fayau. Akwai garuruwa da ƙauyuka, da gonakin doya da dawa, da maƙabartu, da sarakuna. Ƙabilu tara aka fi lissafawa a matsayin 'yan asalin yankin: Gbagyi, Gbari, Gade, Gwandara, Koro, Ganagana, Bassa, Egbura da Amwamwa. Garki, Wuse, Maitama, Jabi, Utako, duk sunayen garuruwan mutane ne tun kafin a zuba kwalta ko ɗaya.

Da farko an yi niyyar kwashe kowa da kowa a sake musu matsuguni a wajen yankin. Da aka ga yawan mutanen da yawan kuɗin da abin zai ci, sai a 1978 aka sauya shawara, aka ce wanda aikin gini ya iso gare shi ne kawai zai tashi. Wasu sun tafi, wasu sun zauna. Sabon Wuse da muke wucewa a hanyar Kaduna daga nan ya samo sunansa. New Karu da New Nyanya da ke tsallaken iyaka a jihar Nasarawa su ma haka. An kai mutanen Maitama Kubwa, an yi wa mutanen Garki gidaje a Apo. Waɗanda suka zauna kuma, sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk ƙasar yankin mallakar gwamnatin tarayya ce, har da gonar da kakan mutum ya sare. Ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha, sanata ɗaya ne da 'yan majalisar wakilai biyu. Gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, amma sai a 2023 aka naɗa ɗan asalin yankin, Zephaniah Jisalo, minista. Mu in tura ta kai bango muna da garin da za mu hau mota mu koma. Su nan ne gida, babu wani can.

Ba wannan dogon bayanin muke zuba wa ɗan shekara biyar ba. Yaro da abin da zai riƙe a hannu yake fahimta. Darasinmu na farko ma a kan suna ne. Kowane yaro zai faɗi sunansa, da wanda aka yi wa takwara, da garin kakansa, da harshen da ake yi a gidansu. Wanda bai sani ba aikin gidansa ke nan, ya je ya tambayo. Ajinmu Hausawa sun fi yawa, amma akwai Fulani, da Barebari, da Igala, da 'yan Gbagyi uku. Ranar da wata yarinya ta faɗi sunanta mai farawa da Shekwo, wasu suka kwashe da dariya. Muka bari dariyar ta lafa, sannan muka tambaye ta ma'anarsa. Ta ce mamanta ta ce Shekwo shi ne Allah da harshensu. Muka juya ga wani yaro mai suna irin namu masu farawa da Abdul, muka tambayi ajin ma'anar nasa. Sai ga wani ya yi tsalle ya ce, "Anti, ashe sunansu iri ɗaya ne!" Daga ranar ba mu ƙara jin an yi wa sunan dariya ba.

Darasi na biyu takardar naira 20 ce, wadda yanzu ko alawa da ƙyar take saya. Muka ba kowane rukuni guda ɗaya suka juya ta gaba da baya. A gaba hoton Murtala ne, wanda ya ce a gina Abuja. A baya kuma wata mata ce zaune tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, 'yar garin Kwali da ke cikin yankin nan namu, an haife ta wajen 1925. A gida ta koyi ginin tukwane irin na mutanenta. Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, yana cikin waɗanda suka fara ganin darajar aikinta, har yana tara tukwanenta a fada, kuma a can ne Baturen nan Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a tsohon garin Abuja, ita ce mace ta farko a wurin. Ta je Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Yara ba za su riƙe waɗannan shekarun ba, ba ma nema su riƙe. Abin da suka riƙe shi ne matar da ke jikin kuɗi 'yar nan ce, kuma ƙabilarsu ɗaya da yarinyar da ke zaune kusa da su. Wani uba ya ba mu labari cewa ɗansa ya tsayar da shi a shago ana ba shi canji, ya ce, "Baba, juya ka ga Ladi Kwali."

Bayan mako biyu muka gayyato kakar ɗaya daga cikin yaranmu Gbagyi, wata dattijuwa mai sayar da doya. Ta zo da yumɓu a ƙwarya, ta ɗoro shi a kafaɗa kamar yadda matansu suke yi. Yara suka fara ƙus-ƙus, ɗaya ya kasa daurewa ya ce, "Kaka, me ya sa ba kya ɗauka a ka?" Ta sauke kayanta ta zauna, ta dafa kansa ta ce, "Jikana, kai shi ne sarkin jiki, shi ke yi maka tunani. Ka taɓa ganin an ɗora wa sarki kaya?" Daga nan kowa ya nemi a ba shi ƙaramin ƙoƙo ya gwada, ajin ya kaure da ihu, ƙoƙuna suna ta faɗuwa. Abin da suke wa dariya ɗazu sai ga shi sun kasa. Ta nuna musu yadda ake murza yumɓu a yi shi kamar igiya a riƙa ɗorawa, mai ginin tana zagaya tukunyar da kanta. Kowa ya gina ɗan kaskonsa, karkatacce dai, amma nasa. Kafin ta tafi ta koya musu gaisuwar safe da harshen Gbagyi, suka yi ta maimaitawa tana gyara musu tana dariya.

Akwai abin lura a wannan ziyarar. Da Hausa tsaf dattijuwar nan ta yi mana magana daga farko har ƙarshe. Haka akasarin Gbagyi suke, da harshenmu suke ciniki da mu, da shi suke gaishe mu, har a majami'unsu wasu da shi suke waƙa. A unguwar nan kuwa mutum nawa ne za su iya mayar musu da gaisuwa ɗaya da nasu harshen, bayan shekara da shekaru ana zaune tare?

Wannan ya kawo mu ga maganar suna, wadda ita ce ta fi jawo mana tambayoyi. Hausa ta daɗe tana ce musu Gwari, su kuwa Gbagyi suke kiran kansu, 'yan uwansu kuma Gbari. Wasu dattawansu ba su damu ba, amma matasansu da yawa ba sa so, kuma in aka duba yadda kalmar take yawo a bakin mutane za a gane dalili. Wanda bai iya magana ba a ce yana gwaranci. Wanda aka raina wa wayo a ce masa bagwari. A labarin Bayajida ma an jera Gwari cikin Banza Bakwai. Yaro ba ya buƙatar a zaunar da shi a koya masa raini, a irin waɗannan kalmomin yake tsintarsa yana wasa a tsakar gida. Dokar ajinmu gajera ce: ka kira mutum da sunan da yake kiran kansa.

Ba mu sha wahalar fahimtar da su ba, don suna da misali a jikinsu. Muka tambaya, "Wa ya taɓa jin an kira babansa aboki a titi?" Hannuwa suka tashi kusan rabin aji. Muka ce to aboki ai kalma ce mai kyau, me ya sa babanku yake ɓata rai? Wata yarinya ta ce, "Don ba sunansa ba ne, kuma da tsawa ake faɗa." Shi ke nan, darasi ya ƙare, ita ta koyar da shi. Duk wanda ya taɓa tura kurar ruwa ko ya yi acaba a garin nan ya san zafin wannan kiran. Abin da ba ma so a yi wa uban ɗanmu, ɗanmu bai kamata ya yi wa uban wani ba.

Darasin da ya fi taɓa mu shi ne na tashi. Muka ba yara kwalaye da murafen kwalba da tsinkaye suka gina gari a kan tabarma, har da masallaci da kasuwa da rijiya, muka soka reshen mangwaro a gwangwani ya zama bishiyar garin. Da suka gama sai muka ba su labari: wata rana aka zo aka ce za a gina babban gida na kowa da kowa a daidai wurin nan, don haka mutanen garin su koma wancan lungun. Ba mu ƙwace wa kowa komai ba, tambaya kawai muka yi, me za ku ɗauka? Aka fara kwasar kwalaye. Can sai wani yaro ya tsaya ya ce, "Anti, to bishiyar fa? Ai ba ta ciruwa." Wata ta ce kakarta ba ta iya tafiya mai nisa. Wani kuma, wanda ba ya yawan magana, ya ce, "Mu ma katafila ta taɓa rushe mana gida." Ajin ya yi tsit.

Wannan yaron gaskiya ya faɗa, kuma ba shi kaɗai ba ne. Gidaje nawa ne a unguwar nan rusau ya koro su daga wani wuri, tun daga wanda aka yi tsakanin 2003 da 2007 har zuwa na baya-bayan nan? Mun san yadda ake ji in an wayi gari an ga jan fenti a bango. To abin da ya same mu a shago ko ɗakin haya, shi ya sami waɗannan mutanen a gari sukutum, da gona da kaburburan iyaye. Tausayi ba daga sama yake faɗowa ba, daga nan yake farawa, mutum ya gane ciwon wani ta hanyar nasa. Ba mu bar yaran cikin jimami ba. Dukansu suka taru suka sake gina garin a sabon wuri, muka ce musu haka ake yi in an ga wanda aka tasa, a kama masa. Kuma ba mu ce musu wane ne mugu ba, don ba neman mai laifi ya tara mu ba.

Ba mu kaɗai muke irin wannan ba a duniya. A ƙasar Kanada, inda aka daɗe ana raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da iyayensu ana kai su makarantun kwana don a raba su da harshensu, kowace ranar 30 ga Satumba yara har 'yan nazare sukan sa riga ruwan lemo. Asalin abin wata mata ce, Phyllis Webstad, wadda kakarta ta saya mata sabuwar riga mai wannan launin tana 'yar shekara shida a 1973, ranar farko a makarantar aka tuɓe mata ita ba a sake ba ta ba. An fara tunawa da ranar a 2013, a 2021 ta zama ranar hutu ta ƙasa. Tarihinsu daban da namu, amma dabarar ɗaya ce: babban al'amari ana shigar da shi zuciyar yaro ta ƙaramar ƙofa. Su riga suka samu, mu kuma naira 20 da kasko da reshen mangwaro.

Yanzu bari mu amsa damuwar iyaye ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda suka kawo mana.

Wani dattijo da muke girmamawa ya ce mana, "Malamai, ku ji tsoron Allah, kada ku koya wa 'ya'yanmu tsafi." Muka ce, "Baba, Allah ya kiyaye, ka zo ka zauna a ajin ka gani." Babu abin bauta ko ɗaya a darasinmu. Gbagyi akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu bin gargajiya, kuma wasunsu a sahu ɗaya muke sallar Juma'a. Abin da muke koyarwa ma daga islamiyya muka taso da shi. Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da munanan laƙabi, ta kuma bayyana cewa an yi mu ƙabila-ƙabila ne domin mu san juna. Haƙƙin maƙwabci kuwa kowane ɗalibi ya san yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsananta a kansa, kuma malamai sun yi bayani cewa maƙwabci ko ba Musulmi ba ne yana da haƙƙinsa na maƙwabtaka.

Wata uwa kuma cewa ta yi, "Malama, wato kuna gaya wa ɗana shi baƙo ne? Abuja ai ta kowa ce." Gaskiyarta, tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya ga dama, balle babban birnin ƙasa. Akwai ma gidaje a unguwar nan da kakanninsu suka zo fatauci suka zauna tun kafin a yi mafarkin Abuja. Ba mu taɓa ce wa yaro ya ji kunyar zamansa a nan ba. Abin da muke ce masa shi ne: nan garinku ne, an haife ka a nan, kana da haƙƙi a nan, kuma akwai waɗanda suka riga kowa zuwa, waɗanda suka bayar da gonakinsu aka yi birnin da kowa ke ci a cikinsa. Maganganun biyu duk gaskiya ne, ɗaya ba ta kore ɗaya. Yaron da ya san cewa garin nan yana da sarkinsa na gargajiya, Sakaruyi, bai rage komai daga Hausancinsa ba. Ladabi ya ƙaru da shi.

Nasu tarihin ma ba mu bar shi a baya ba, rabin lokacin a kansa yake tafiya. Muna yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, muna nuna musu hoton dutsen Dala da hasumiyar Gobarau da marinar Ƙofar Mata. Muna gaya musu cewa sunan Abuja kansa na wani sarkin Hausa ne, Abu Ja, ɗan'uwan Sarkin Zazzau Muhammadu Makau wanda ya baro Zariya a zamanin jihadi. Abu Ja ya kafa garinsa a 1828, kuma da aka zo yin babban birni garin ya bayar da sunansa ya koma Suleja. Muna gaya musu cewa Gwandara na Karshi, nan kusa da mu, tarihinsu na baka ya ce daga Kano kakanninsu suka fito, kuma harshensu ɗan'uwan Hausa ne na kusa. Zaman Hausawa da mutanen yankin nan tsoho ne, akwai ciniki da auratayya a ciki. Akwai kuma ɗaci, don a ƙarni na 19 ƙasar Gbagyi ta sha hare-haren neman bayi, sunan Nagwamatse na Kwantagora har yau ba a manta da shi ba a wajensu. Wannan ɓangaren ba na 'yan nazare ba ne, sai sun girma. Amma mu manya ya kamata mu san cewa in maƙwabci ya ji kalmar bagwari ya canza fuska, akwai abin da yake tunawa.

Masu cewa yaran sun yi ƙanƙanta, amsarsu tana bakin Bahaushe: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk malamin da ya koyar a aji huɗu ko biyar ya san cewa a lokacin an riga an raba filin wasa, kowa ya san su wa ne nasu, laƙabi ya zauna daram. A shekara huɗu kuwa yaro bai gama yanke hukunci a kan kowa ba, tambaya yake yi. In ba a ba shi amsa a aji ko a gida ba, zai samo ta a bakin 'yan tasha.

Kuma kada mu ɗauka maganar wasa ce. Ranar Kirsimeti ta 2017 rikici ya ɓarke a Bwari tsakanin matasan Gbagyi da na Hausawa, a kan wata takaddama da ake dangantawa da sarauta. Aka ƙona kasuwa, aka rasa rayuka, aka sa dokar hana fita. Bwari ba nisa gare ta ba. Akwai kuma mutane a unguwar nan da rikicin Zangon Kataf na 1992 ko na Jos na 2001 ya koro su, a tambaye su yadda kalmar ɗan ƙasa da baƙo take komawa wuta. Samarin da suka ɗauki makami a waɗancan ranakun duk sun taɓa zama 'yan shekara biyar. Ba mu ce rabin awa a kan tabarma zai warware rigimar fili ko ta sarauta ba, wannan aikin manya ne da hukuma. Amma wanda ya taɓa murza yumɓu tare da kakar abokinsa, ya san sunanta, ya san gaisuwarta, zai yi wuya a ruɗe shi cewa ita da jikokinta ba mutane ba ne. Kuma ku sani, yaran Gbagyin nan uku su ma suna komawa gida da labarinmu. Sun san Dala, sun san ma'anar Abdul, sun san aboki ba sunan kowa ba ne.

Roƙonmu ga iyaye kaɗan ne, ba ya cin ko sisi. In za ku ambaci maƙwabtanmu a gaban yara, ku ce Gbagyi. In yaro ya yi tuntuɓen harshe, a nemo wata kalmar a bar gwaranci. Ku zaunar da ɗanku ku gaya masa sunan kakansa, da garinsu, da sana'arsu, da abin da ya kawo ku Karu, don wanda ya san tushensa ba ya buƙatar taka wani kafin ya ji shi mutum ne. In ya dawo da gaisuwar da ya koyo, ku bar shi ya gwada ta a kan mai doya ko mai itace a kasuwa, ku tsaya ku ga fuskarta. Wanda kuma har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba, ƙofar ajinmu a buɗe take, ya zo ya zauna a bayan aji ya saurara, in ya ga abin gyara ya faɗa mana. Dattawan unguwa da suka san yadda Karu take kafin kwalta, muna neman ku ku ma, ku zo ku ba jikokinku labari da bakinku.

Allah ya raya mana zuri'a, ya shirya mana su, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.